Wane Littafi Za A Buɗe?

Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Ƙauran Namoda yana da littattafai uku. Ɗaya na kayan da suka shigo sito, ɗaya na kuɗin da aka karɓa kullum, ɗaya na masu ɗaukar kaya bashi. Ɗansa yana karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin. Shi ya kwashe lissafin ya zuba a kwamfuta, cikin manhajar Access. Kowane littafi ya zama jadawali guda. Tarin jadawalan nan shi ne rumbun bayanai.

Ran nan uban ya ce, "Fito min da sunayen waɗanda nake bi."

Takarda ta fito. Uban ya bi ta da yatsa, ya tsaya a layi na huɗu. "Wannan na Shinkafi ai ya biya tun kafin Sallah. Gero buhu biyu. A gabanka ya ƙirgo kuɗin."

"Baba, kwamfuta fa ba ta ƙarya."

"To, wane littafi ka buɗe mata?"

Jadawalin bashi kaɗai ya buɗe mata. Biyan kuwa yana can cikin jadawalin kuɗi.

Irin takardar nan ake kira rahoto. Rahoto guga ne, rijiyar da aka zura shi ita zai ɗebo. A Access wuri biyu yake ɗiba. Ko dai daga jadawali kai tsaye, ya kwaso komai, tsaba da dusa. Ko kuma daga tambayar da aka tsara, wadda ke aiki kamar rariya. Ita ce za ta haɗa bashi da biya, ta cire wannan daga wancan, ta bar sauran kuɗin. Idan buhunan da suka shigo kawai ake son gani, jadawali ya wadatar, kada a wahalar da kai. Sai amsa ta rabu gida biyu ake neman rariya.

Amma fa kada a haɗa da suna. Musa nawa ne a kasuwa? A ba kowane abokin ciniki lamba, ta bi shi cikin kowane jadawali.

Ma'aikatan ɗakunan shan magani na Zurmi da Shinkafi su ma sun san batun littafin da za a buɗe. Suna rubuta masu zuwa a rajista, ƙarshen wata su tattara jimilla a fom, a shigar da ita DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke kula da ita. Fom ɗin adadi ne, babu suna. Mai neman yawan yaran da aka yi wa rigakafi, fom ya ishe shi. Mai neman yaron da bai dawo allura ta gaba ba, sai ya koma rajista.

Da ɗan mai hatsin ya sa lamba, ya tsara tambaya, sunaye bakwai suka rage. Uban ya ninke takardar, ya sa a aljihu.