Rubutun akwatin wuta: darasi a kan nuni da harshen damo

A gidajen unguwar Dar es Salam ta birnin Yamai, kamar sauran gidajen da kamfanin NIGELEC ke bai wa lantarki, akan tarar da akwatin rarraba wuta a jikin bango. A cikinsa akwai jerin makunnai, kowane yana katse layi guda: na fitilu, na fanka, na firji ko na famfon ruwa. A ƙarƙashin kowane makunni akwai ɗan gurbin rubuta suna. Wannan gajeren rubutu ya cancanci nazarin masanin harshe, domin wanda ya karanta shi ba daidai ba yana iya taɓa waya mai wuta alhali yana zaton ya kashe ta.

Matsala ta farko ita ce nuni. Wasu kalmomi ba su da ma'ana tsayayya sai an san mai magana, da wurin da yake, da lokacin da ya yi maganar. Idan mai gida ya rubuta “ɗakina” ko “sabon ɗaki”, shi kaɗai ya fahimta. Ranar da ya tashi, ɗan haya ya shigo, “ɗakina” ya zama na wani, sabon ɗaki kuma ya tsufa. “Dama” da “hagu” su ma sun dogara ga inda mutum ya fuskanta. Gabas da yamma kuwa ba sa sauyawa, kuma alƙibla ta sa kowa ya san su a gidansa. Saboda haka “ɗakin gabas” ya fi “ɗakin dama” aminci.

Ta biyu ita ce harshen damo. Kalmar “wuta” tana nufin lantarki gaba ɗaya, tana kuma nufin hasken fitila. “Wutar falo” ba ta bayyana ko fitilu ake nufi ko wuraren jona kaya ba, alhali galibi layinsu daban ne. Haka “ƙasa” tana iya nufin hawan ƙasa na bene, ko wayar kariya mai launin kore da rawaya.

Ta uku ita ce ƙa'idar rubutu. Hausar boko ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka “baƙi” na launi da “baƙi” jam'in baƙo siffarsu ɗaya. Idan aka yar da lanƙwasa kuma, “ɗakin baƙi” ya koma “dakin baki”.

Ta huɗu ita ce zaɓin harshe. Masu aikin lantarki sun yi karatunsu da Faransanci, mazauna Yamai kuwa Zabarmanci da Hausa suka fi yi. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma ayyanawa ba ta ƙirƙirar kalmomin sana'a; wannan aiki yana jiran masana harshe da masu sana'ar su zauna tare.

Kafin nan, suna mai kyau ya ƙunshi abu uku: lamba, wuri da aiki, kamar “3, ɗakin gabas, fitilu”. Lambar tana yi wa mai kowane harshe amfani.

Aikin ɗalibi: ya kwafe rubutun akwati biyar a unguwarsu ba tare da taɓa makunni ba, ya tantance harshen kowane suna, sannan ya ba wanda bai san gidan ba ya faɗi ɗakin da ake nufi.