Kiyaye Raunin Tiyatar Hanji Daga Ruɓewa

Tiyatar hanji ta gaggawa, wadda a yankin Gwandu da Kalgo sau da yawa hujewar hanji sakamakon taifot ko maƙalewar gwaiwa ke jawo ta, tana cikin ayyukan da rauninsu ya fi saurin kamuwa, domin ƙazantar hanji kan riga ta malale cikin ciki kafin a kai mara lafiya Babban Asibitin Gwandu ko Cibiyar Lafiya ta Kebbi da ke Kalgo.

Wani ɓangaren rigakafin yana hannun likitoci. Binciken ChEETAh na 2022, wanda aka gudanar a ƙasashe bakwai har da Nijeriya, ya nuna cewa sauya safar hannu da kayan aiki kafin ɗinke ciki yana rage kamuwar rauni.

Sauran aikin kuwa na mai jinya ne. Ya wanke hannu da sabulu kafin ya kusanci bandeji, ya hana 'yan dubiya ɗaga shi don ganin ɗinki, kada kuma a shafa toka, man shanu ko garin magani, komai girman wanda ya kawo. A shanye magani yadda aka rubuta, a ba da wake, ƙwai da kifi da zarar likita ya yarda a ci, mai ciwon sukari kuma a riƙa auna sukarinsa.

Kamuwa tana iya bayyana har kwana 30 bayan aiki, don haka zazzaɓi, kumburi, wari, mugunya ko buɗewar ɗinki suna bukatar komawa asibiti a ranar, ba kemis ba.