YADDA MANOMI ZAI ZAƁI SIFANAR SOKET

Zuwa ga manoma da dagatai na Gyadi-Gyadi da Tarauni.

Ya kai manomi, ka sani tun da aka soma koya wa mutanen Arewa huɗa da shanu, wajen shekarar 1928, noti ya shiga gona. Fartanya in ta kwance maƙeri ya isa, amma garmar shanu da amalanke da injin ban ruwa da tarakta duka da noti a ke ɗaure su. Yanzu kuwa gidaje sun cinye yawancin gonakin Gyadi-Gyadi da Tarauni, mai noma sai ya bi hanyar Zariya har wajen Kura da Kadawa, inda ruwan Tiga ya ke kaiwa. Can in injinka ya tsaya, makanike yana nesa, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Saboda haka lalle ka mallaki sifana ta kanka.

Soket wani guntun ƙarfe ne mai rami kamar ɗan turmi, wanda a ke kifawa a kan noti, sa'an nan a sa masa hannu a murɗa. Ya fi sifana mai buɗaɗɗen baki, gama ita gefe biyu kaɗai ta ke kamawa, ta kan zame ta cinye kusurwar noti. Ga abin da za ka duba kafin ka saya.

1. Fara da kayanka. A shekarar 1946, da aka soma ƙera taraktar Ferguson a Ingila, an shirya ta yadda sifana guda mai baki biyu ta isa kwance yawancin notinta. Kayan yau ba haka su ke ba. To, ka auna notin da ke jikin kayanka, ka rubuta, ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari da takardar, har da tsohon noti na gwaji.

2. Awo iri biyu ne, na milimita da na inci. Ƙananan injunan ban ruwa irin na Japan, notinsu galibi milimita 8 ne da 10 da 12, fulogi kuwa ya kan so dogon soket na 21. Tsofaffin kayan Ingila da na Amurka da inci a ke auna su. Kada ka haɗa su. Rabin inci milimita 12.7 ne, in ka kifa masa soket na 13 zai shiga, amma da ka matsa sai ya zame.

3. Dubi ramin bayan soket, inda hannu ya ke shiga. Akwai na inci 1/4, da 3/8, da 1/2, da 3/4. Na rabin inci shi ne na manomi, soket daga milimita 10 zuwa 32. Ka ƙara 'yan ƙanana domin injin ban ruwa.

4. Zaɓi mai kusurwa 6, ka bar mai 12. Notin gona ya sha ruwa da ƙasa, ya yi tsatsa. Mai 6 jikin noti ya ke kamawa, mai 12 kuwa bakin kusurwa kaɗai, nan da nan sai ya mulmule ta. Noti in ya mulmule sai a sare shi da kurfi, yini guda ya tafi ke nan.

5. Dubi ƙarfen. Na kirki a kan buga masa Cr-V da lambar awonsa a jiki. Amma rubutu ba shi da wuya, watau sai ka gwada: kifa shi a kan notinka, in yana girgiza, mayar. Akwati mai yawan kaya da ɗan kuɗi kaɗan, yi hattara da shi. Araha ba ta ado. Soket 10 nagari sun fi 100 na banza.

6. Hannu biyu za ka nema. Ɗaya mai haƙora a ciki, wanda makanikai ke kira rachet, domin sauri. Ɗaya dogo marar haƙora, domin notin da ya ƙi. Kada ka zura wa rachet bututu don ƙarin ƙarfi, haƙoransa za su kakkarye. Noti in ya cije, ɗiga masa mai, ka dakata, sa'an nan ka ja hannun zuwa wajenka. In turawa ka yi ya zame, yatsunka ne za su sha.

Ku kuma dagatai, ranku ya daɗe, manyan soket na inci 3/4 na ƙafar tarakta suna da tsada, ba kullum kuma a ke bukatarsu ba. Ya kyautu manoma su haɗa kuɗi su sayi akwati guda, a danƙa wa mutum amintacce, a riƙa rubuta sunan mai aro da ranar mayarwa.

Bayan aiki goge kowane soket da tsumma mai mai, ka ƙirga su kafin ka bar gona, gama wanda ya faɗi cikin kunya da wuya a sāke ganinsa. Ka yi wannan sayayya tun da rani, kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.