Ɗana, Rage wa Jitarka Wuta

Ɗana, hannunka a kan jita ya faɗa, babu mai musun wannan. Abin da ke danne kiɗanka shi ne yadda kake saita amfilifayar cikin kwamfuta, kuma gyaransa ba ya bukatar ka sayi komai.

Fara daga bakin ƙofa. Sa wayar jitar a ramin kayan kiɗa na na'urar shigar da sauti, ka kaɗa da iya ƙarfinka, ka tabbata fitilar ba ta yi ja ba. Da AmpliTube da manhajojin Neural DSP da Neural Amp Modeler da ake samu kyauta, duk kwaikwayon amfilifaya ta gaske suke yi. In sautin ya tsage tun a mashiga, babu maɓallin da zai ɗinke shi a gaba.

Sai geyin, wato wutar amfilifaya, inda matasa suka fi faɗawa. Kowa sai ya murɗa shi har ƙarshe, a zatonsa can nauyin metal yake. Geyin barkono ne: in ya yi yawa, ba ka jin ɗanɗanon nama. Amfilifayar Peavey 5150, wadda ta fito a 1992 da sa hannun Eddie Van Halen, daga baya aka mai da sunanta 6505, tana kaiwa inda ake so tun kafin maɓallin ya wuce rabi. Ƙetare nan, sai ka danne tsirkiya da gefen tafinka ka ji "buuu" maimakon bugu mai tsinkewa. Dabarar masu sitidiyo ita ce su sa fedal ɗin Tube Screamer a gaban amfilifaya, su sauke wutarsa ƙasa, su ɗaga ƙararsa sama. Yana aske kaurin sauti kafin ya shiga, bugun ya fito a ɗaure. Ka ƙara da abin toshe hayaniya, amma da sauƙi, kada ya riƙa yanke maka wutsiyar sauti.

Na san kana son muryar Metallica ta 1988, wadda aka kwashe tsakiyarta. Kai kaɗai a ɗaki za ta yi maka daɗi, amma ganguna na shigowa sai a neme ka a rasa, domin a tsakiyar nan jita take zaune. Kaurin da ke girgiza ƙirji aikin jitar bes ne. Tsirkiyarka mafi kauri wajen hertz 82 take, don haka datse abin da ke ƙasa da 80, ka kuma rage tsiwar da ke sama da 8,000.

Inda nake so ka daɗe shi ne akwatin sifika. Fayilolin IR da kake tsallakewa su ne muryar akwatin da makirofon da ya ɗauke ta, kuma a ganina sun fi amfilifayar kanta tasiri. Ɗauki akwati mai sifika 4 na Celestion Vintage 30, ka sa masa makirofon Shure SM57. A tsakiyar sifikar za ka ji kaifi har kunne ya gaji. Matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa gefe, sai sautin ya yi duhu, ya yi jiki. Tsaya a inda kaifi da jiki suka haɗu. Haƙuri ake yi a nan, ɗana, kada ka tara fayil ɗari kana ta sauyawa.

In za ka ɗauki kiɗan, sa sababbin tsirkiyoyi, ka kaɗa sashen sau biyu da hannunka, ɗaya dama ɗaya hagu. Kwafi ba ya ba da faɗin nan. Ka ajiye tsuran sautin jitar, don gobe in kunnenka ya huta ka sake saita shi tare da ganguna da bes, a ƙarar da ba za ta cutar da jinka ba.