Darasi kan hasashen yanayi: ruwan da yake kan hanya

'Yan uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan ɗan littafi, darasin da na zaɓa bana shi ne hasashen yanayi, wato abin nan da muke ji a rediyo ana cewa meteyo. Da yawa in an karanto shi sai su ce, "Ai ƙaryarsu ce, jiya ma sun ce za a yi ruwa ba a yi ba." To amma abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya, kuma ƙarfinsu ya bambanta.

Na farko awo ne na abin da ya riga ya faru, kuma kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, shi ne babban misalinsa. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Yana tasowa daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali da Nijar, sannan ya wuce ƙarƙashin gadar Malanville da Gaya. Cikarsa biyu ce a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ƙoramu irin su Sirba, Dargol da Gorouol ke kwararo masa daga wajen Burkina Faso, ɗauke da jar ƙasa. A nan wajenmu Mekuru, Alibori da Sota su ƙara nasu. Wannan cikar ce ta fi cinye gonakin shinkafa da gidaje a Malanville da Karimama. Sai baƙin ruwa, wanda ke isowa tsakanin Disamba da Fabrairu, ana tsakiyar hunturu, ko ɗigo babu a sama. Ina ya fito? Ruwan damina ne da ya sauka a Gini. Ya shiga babbar fadamar Mali ta wajen Mopti, ya bazu, ya yi watanni yana jan ciki kafin ya fito.

Kun ga ke nan, ruwan da zai zo mana wasu sun riga sun gan shi. A Yamai akwai sandar awo a bakin kogi, ana karanta ta kullum. In ruwa ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi. A Satumban 2020 ya kai wajen santimita 700, ya karya madatsai ya shiga unguwanni. Daga Yamai zuwa nan kimanin kilomita 300 ne, ruwa kuwa ba ya komawa baya. Hukumar ƙasashen kogin, ABN, mai mambobi 9 da mazauni a Yamai, tana tattara irin wannan awo. Saboda haka in an ce kogi ya cika a Yamai, labari ne irin na wanda ya ga baƙo a hanya ya rigaye shi zuwa gida. Kwanakin nan kaɗan da ke tsakani su ne na kwashe hatsi daga rumbun fadama da kora shanu tudu. A 2010 ambaliya ta shafi kwamin 55 cikin 77 na Benin, mutane wajen 680,000.

Ba mu kaɗai ke rayuwa da sandar awo ba. A Maroko akwai wani wuri kan duwatsun Atlas, Ukaimeden, sama da mita 2,600, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Can kaurin ƙanƙarar ake aunawa da santimita kafin a buɗe wa jama'a hanya. A duwatsun Turai har mataki biyar suka yi wa haɗarin zaftarewarta, daga 1 zuwa 5. Wanda ya fita shaƙatawa ma yana duba lamba kafin ya ɗaga ƙafa, balle mai noman shekara a bakin kogi.

Na biyu shi ne hasashen yau da gobe, wanda Météo-Bénin ke fitarwa. Tashar awonta babba mafi kusa da mu tana Kandi. Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa hadari daga gabas yake tasowa, kuma tauraron ɗan'adam ya nuna haka: gungun gizagizai ne ke tafiya daga gabas zuwa yamma. Sai dai hadari kan zuba a Guéné ya bar ƙauyen da ke kusa a bushe. In an ce za a yi ruwa a Alibori, aka yi a Kandi ba a yi a nan ba, maganarsu ba ta faɗi ba. Faɗin wurin ne ba mu lura da shi ba.

Na uku, mafi rauni kuma wanda aka fi zagi, hasashen damina ne gaba ɗaya. Cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a Yamai a 1974, tana tara masana kowace bazara. Su duba zafin ruwan teku, su ce ko damina za ta fi yadda aka saba, ko daidai, ko ƙasa, ko za ta faɗi da wuri, ko za a yi dogon fari a tsakiya. Kaso suke ba kowanne cikin ɗari. A fiƙihu mun karanta bambancin yaƙini da zato mai rinjaye. Wannan zato mai rinjaye ne, kuma mun san ana aiki da shi. A ganina amfaninsa shi ne zaɓen iri: in an ce damina za ta makara, gero ko masara mai saurin nuna ya fi.

Wani zai ce, wannan ba shiga gaibu ba ne? Malamanmu sun raba tsakanin mai jingina ruwa ga taurari ko mai duba, da mai lura da alamomin da Allah Ya saba gudanar da su. Tsohon da ya ga shamuwa ta dawo, gawo ya fara zubar da ganye, ya ce damina ta kusa, babu mai kiransa boka. Na meteyo alamominsa ne suka fi yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda ke yawo babu suna babu rana. Wani na bara ne, wani na wata ƙasa. In ya shigo a tambayi abu uku: wa ya fitar, yaushe, kuma wane wuri ake nufi.

Ga aiki ga 'yan ajinmu a damina mai zuwa. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo. Kowace safiya a auna zurfin ruwan da rula, a rubuta, a zubar. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita. In kun sami milimita 40, to hekta guda ta sha lita 400,000 a dare ɗaya. A riƙa rubuta abin da rediyo ta faɗa a gefe guda na littafin, mu kwatanta su a watan Oktoba.