MELANOMA: ASALIN SUNAN DA ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan'uwa, a wannan darasi za mu dubi wata kalma da likitoci kan rubuta a takardar asibiti, mu kuwa mu riƙe takardar ba mu san abin da ta ƙunsa ba. Kalmar ita ce melanoma, wato ciwon daji mai tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta.

Daga harshen Helenanci aka ɗauko ta. "Melas" na nufin baƙi, "oma" kuwa ƙari ne ko kumburi. Daga tushen nan ne Helenawa suka sami sunan tawada, "melan", wadda Yohanna ya ambata a wasiƙarsa ta biyu da ta uku. Abin mamaki, mu ma ɗigon baƙi na jikin mutum tawadar Allah muke ce masa.

A shekarar 1787 John Hunter ya yanke wani baƙin ƙari daga jikin majiyyaci, bai san sunansa ba. An adana naman a Landan, sai a 1968 bincike ya tabbatar melanoma ce. Likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙago abin sauraren ƙirji, ya yi lacca kan cutar a 1804, ya kira ta "melanose". Robert Carswell ne ya fito da sunan melanoma a 1838. An daɗe ana haɗa ɗigo marar lahani da mugun ƙari a ƙarƙashin suna guda, shi ya sa tsofaffin littattafai ke ƙara kalmar "muguwa" domin bambancewa. Yau idan likita ya ce melanoma, daji yake nufi.

Sunan yana iya ruɗin mutum. Wani irin ciwon ba shi da baƙi ko kaɗan. Da yawa kuma suna ɗauka cutar Turawa ce da zafin rana ke jawo musu. Gaskiya ne ta fi kama su, amma a jikin baƙar fata tana da wuraren ɓuya: tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Mawaƙin Jamaika Bob Marley, a ɗan yatsan ƙafa ta fara masa a 1977, ta yi ajalinsa a 1981.

Manomi a Lafagu ko wani ƙauyen Bagudo, wanda ke yini a gona ko fadama, zai ga tabo a diddige ya ce ƙaya ce ko faso. Wani ya ce sammu ya taka, ya kai wa wanzami a tsaga. Ana haka ciwon ya kai ga ƙulluwar matsematsi, aiki ya yi wuya. Tun 1840 likita Samuel Cooper ya nuna cewa cire shi da wuri ne kaɗai ke ba da bege, kuma har yau wannan ne babban magani, ko da yake an sami sababbin magunguna masu tsada.

Tabon da ke faɗaɗa, ko ya sāke launi, ko ya zama gyambo mai jini da ya ƙi warkewa, a nuna wa likita. Ɗan nama ake yanka a duba a na'ura, irin gwajin da ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.