Darasi Daga Ɓarin Goro

Ran nan a kasuwar Mubi na ɓara farin goro, na tsaya gaisawa da wani tsohon ɗalibina. Kafin mu rabu, ɓarin nan ya rine ja. To, wannan rinewa ita ce darasinmu na yau, gama irinta tana faruwa a jikin uwayenmu da matanmu.

Akwai wani sinadari cikin jini, ana ce da shi istirojin. Gidan ƙwan mace shi ke yin yawancinsa, kitsen jiki ma yana yin kaɗan, har maza suna da ɗan nasu. Shi ke balagar da yarinya, ya shirya mahaifa kowane wata, ya ƙarfafa ƙashi. Sai a 1929 Doisy a Amurka da Butenandt a Jamus suka tace shi daga fitsarin mata masu ciki.

In ya gama aikinsa, tilas jiki ya fid da shi. Kafin haka sai a liƙa masa oksijin, ko a gurbinsa na 2 ko na 4. Hanta ta fi bin na 2, wannan kuwa da sauƙi. Amma a nono da mahaifa akwai wani ɗan aikin jiki mai suna CYP1B1, shi na 4 ya fi so. Abin da ya fito ana kiransa katikol, dangin abin nan ne da ke rina goro. In ya sake ƙonewa sai ya zama kwinon.

Nan fa masifar ta ke. Kwinon ba ya zama wuri ɗaya. Ya juya baya, ya komo, ya sake juyawa, kowane juyi kuwa sai ya tunzura oksijin ta zama kamar tartsatsi. Tartsatsin nan yana cin fatar ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin fartanya da damina. Ban da wannan, kwinon yana manne wa DNA, watau rubutun halittar ƙwaya, ya ɓamɓare harafi ya bar giɓi. In aka cike giɓin da kuskure, istirojin kuma ya zuga ƙwayar ta yi ta haihuwa, sankarar nono na iya somawa. Cavalieri da Rogan na Jami'ar Nebraska sun bayyana wannan hanya a 1997.

Kada wani ya firgita. Allah ya ba jiki masu gadi. Ɗaya, COMT, yana rufe wa katikol baki tun bai ƙone ba. Wani, gulutatayon, yana kama kwinon a fitar da shi. Sai ɓarna ta fi ƙarfin masu gadi kana a sami cuta. Giya tana ƙara istirojin cikin jini, haka kuma ƙiba bayan ɗaukewar al'ada. A 2002 ma an tsai da wani gwaji a Amurka na mata fiye da 16,000, don masu shan istirojin haɗe da furojestin sun fi kamuwa da sankarar nono.

Ku da za ku fita ƙauyuka, malamin makaranta a kan tambaya kafin likita. In aka zo muku da maganar ƙululu a nono, ko da ba ya zafi, kada ku bari a tsaya shafe-shafe da tsaga. A nufi Babban Asibitin Mubi cikin makon nan.